Shekarar da Aka Fasa Zuwa Mosku

Akwai abubuwa da dama da suka same ni a zaman aure waɗanda yanzu sai ƴaƴana sun tuna mini nake tunawa. Shekarar da aka fasa zuwa Mosku ba ta cikinsu. Ita kam, ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina.

Mu mutanen Dogon Dutsi ne, ni da maigidana. Farin farko ne ya koro mu Yamai, lokacin da gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka zube a bakin rijiyoyi. Ba mu daɗe da zuwa ba soja suka karɓi mulki. Muka kama hayar ɗaki ɗaya da ƴar rumfa a Bukoki. Shi ya fara da ɗaukar kaya a kasuwa, ya zama yaron mota, daga baya ya koyi tuƙi. Ni kuma ina yin dambu da kopto ina sayarwa a ƙofar gida. Kopto zogale ne da ake kwaɗawa da ƙuli, a wurin Zabarmawa na koye shi.

Maigidana gidan mahauta ya fito, don haka dambe a jininsa yake. A Yamai ma bai daina ba. Wata rana wani dattijo, tsohon soja da ke horar da ƴan damben Turawa, wanda ake ce wa boks, ya gan shi a fage ya kira shi gefe. Ya ce masa hannunsa na dama ya isa, saura a koya masa cewa Allah ya ba shi na hagu. Daga nan ya shiga boks. A ƴan shekaru ya doke duk wanda ke awonsa a ƙasar, ya je Bamako, ya je Kotonu, ya dawo da kumburarren ido da ƴar lambar da muka rataye a bango. Ni ban taɓa zuwa kallonsa ba. Nawa shi ne ruwan zafi da tsumma idan ya dawo.

Sai aka ce akwai babbar gasar duniya, wasannin Olamfik, za a yi ta a Mosku, babban birnin Rasha, da damina mai zuwa. Dattijon ya ce da shi za a je. Tun daga ranar gidanmu ya canja. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalma ya kama gudu daga Bukoki har Gudel, ya bi bakin kogi ta tsakanin lambuna, ya dawo rigarsa sharkaf. Masu garka har sun san shi, wani ya miƙo masa kan salati, wani tumatir. Ya daina cin dambuna, wai yana ƙara masa nauyi. Na koma gasa masa kifi ba mai, ina kallonsa yana ci kamar magani.

Cikin wannan hali yayansa ya zo daga arewa, inda yake aiki a kamfanin haƙar ma'adinai. Ya samo masa gurbin direba, da ɗaki, da lokotoro, wato likita, kyauta ga iyali. A wancan zamani irin wannan aiki mutane har addu'a suke sa malamai su yi musu a kansa. Ni kuma ina da ƙaramin ciki, na farko da ya tsaya bayan biyu sun zube. Suna zaune a rumfa, ina daga ɗaki ina ji.

"Yaya, ka ba ni zuwa bayan damina," in ji maigidana. "In na dawo daga Mosku, ko washegari ka ce in taho zan taho."

"Gurbi ba ya jiran mutum," in ji yayan. "Mutum nawa kake tsammani ke tsaye a ƙofar kamfanin nan? Kai da matarka ke da ciki, ka tsaya ana dukanka a fuska?"

"Sau ɗaya ne a rayuwa, yaya."

Yayan ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya leƙo ɗaki ya ce mini, "Ƙanwata, ki yi masa magana." Ban yi ba. Na ga yadda idon mutumin nan ke haske idan ya dawo daga gudu, na kasa. Aka ba wani aikin.

A bayan katangarmu akwai gidan siminti na wani Bazabarme, ma'aikacin ruwa, wanda gwamnati ta tura karatu Rasha ya dawo da mata daga can. Doguwa ce, fara sol, rana ta ƙona mata hanci. Unguwa duka Madam ake ce mata. Ta iya Zabarmanci sosai saboda dangin miji, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, tana mai da mace namiji, namiji mace. Tana da yara biyu. Kusan kullum takan aiko a sayi kopto, wani lokaci ta zo da kanta ta zauna a kujerata ƴar tsugunno. A nan na san cewa tun da ta zo ba ta koma gida ba, kuma mahaifiyarta tsohuwa ce, ita kaɗai a wani ɗaki can saman bene a Mosku, ba ta taɓa ganin jikokinta ba.

A lokacin, maza masu shan shayi a bakin titinmu ba su da hira sai ta Amirka da Rasha. Wannan ya ce Rasha ce ta fara harba mutum sama ya kewaya duniya ya dawo, wancan ya ce ai Amirka ce ta taka wata. Wani ya ce Rashawa ba su yarda da Allah ba, wani ya ce amma a can ba mai kwana da yunwa. Ba wanda ya taɓa wuce Gaya ta bakin iyakar ƙasarmu a cikinsu. Idan Madam ta zo wucewa sai su rage murya. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ni babana direban jirgin ƙasa ne. Bai je sama ba."

Da ta ji maigidana zai je garinsu, sai ta zama kamar yarinya. Ta riƙa koya masa gaisuwa da godiya da yadda ake tambayar hanya a harshensu, yana maimaitawa muna dariya. Ya ce ta ara masa babbar riga saboda ya ji ƙanƙara ke zuba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce lokacin da za su je ma zafi ake yi, rana ba ta son faɗuwa. Daga baya ta kawo wani ƙunshi da ta ɗinke cikin farin yadi. Ta faɗa mana abin da ke ciki: takalman fata na Agadas, turmin zane, busasshen zoɓo, da hotunan yaran. Ta rubuta adireshin a jikin yadin da manyan baƙaƙensu masu kama da an juya su. Ta ce, "Ka ba shi da hannunka. Ka gaya masa yara lafiya." Mahaifiyar take nufi. Maigidana ya sa ƙunshin a ƙasan akwatinsa.

Tun da sanyi muka fara ji a rediyo cewa sojan Rasha sun shiga wata ƙasa ta Musulmi, Afganistan. Ni ban san inda take ba, shi ma haka. Sai aka fara cewa Amirka ta ce ba za ta je wasannin ba, kuma tana kiran ƙasashen da ke ɗasawa da ita kada su je. Na tambaye shi ko abin zai shafe mu. Ya ce ina ruwan manya da ƴan boks na Yamai. Ya ci gaba da gudunsa.

Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana ya dawo daga wurin horo tun kafin la'asar, rigarsa a bushe. Ya zauna a bakin gado ya kwance takalma a hankali. Na ce lafiya? Ya ce dattijon ya tara su, ya sa sun zauna a ƙasa, ya ce umarni ya zo daga sama, ƙasarmu ba za ta je ba. Wani ya tambayi dalili, dattijon ya ce shi soja ne, ba a koya masa tambayar dalili ba. Ya ƙara da cewa shekara huɗu baya ma haka aka yi, a kan maganar Afirka ta Kudu, yaran da ya horar a lokacin yanzu wasu na sayar da itace. Daga nan ya juya musu baya ya kama tattara safofin hannu.

Ba a yin ƙorafi a wancan zamani. Ɗaya daga cikin abokansa ya faɗi abin da ke ransa a wurin mai shayi, da ƙarfi. Kwana biyu aka zo aka tafi da shi. Ya dawo bayan ƴan kwanaki an aske masa kai, bai sake tayar da zancen ba har ya bar garin. Don haka maigidana ya haɗiye nasa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne bai daina gudu ba. Kullum asuba ya ɗaura takalma, ya je Gudel ya dawo, ya ci kifinsa ba mai, kamar ba a faɗa masa komai ba. Ƙunshin Madam na nan a akwati. Ita ba ta tambaya ba, mu ma kunya ta hana mu mayar mata.

Ruwan farko ya sauka, cikina ya tsufa. Sai wata rana ya shigo da saurinsa, ya ce ya ji a tashar mota cewa Benin za ta je. Najeriya ma za ta je, Mali ma.

"To, sai me?" na ce.

"Na san mutanensu a Kotonu. Na doke zakaransu a gabansu. In suka gan ni, za su sa ni cikin nasu."

"Maigida, kai ɗan Benin ne?"

"Akwai Hausawa a can. Wa zai bambanta?"

"Ka dube ni," na ce masa. "Yau ko gobe nake. In kuma aka ji ka tsallaka don ka yi abin da gwamnati ta hana, wa zai je ya fito da kai?"

Ya dubi cikina. Can ya ce, "In ban gwada ba, zan mutu ina cewa da na gwada. Ki yafe mini." Na san maganar banza ce wannan tafiya, ina jin shi ma wani sashe na zuciyarsa ya sani. Amma na ga in ya zauna, abin zai ci shi a gabana. Na ce ya je, Allah ya tsare. Muka shirya cewa duk wanda ya tambaya, ya bi mota ne neman aiki. Wani abokinsa mai kamiyon, babbar motar ɗaukar albasa, ya ɗauke shi. Da zai fita ya buɗe akwati ya ɗauki ƙunshin ya sa a jakarsa.

Bai yi mako da tafiya ba naƙuda ta kama ni, da hantsi, ina tsakiyar wanke zogale. Matan gidan hayar duk sun tafi kasuwa. Na dafa katanga na kira Madam. Ba ta tsaya sa takalmi ba. Ta tare wata taksi a titi, ta zauna baya ta rungume ni, tana ta yi wa direban faɗa da Zabarmanci ya bi a hankali a ramuka. A gidan haihuwa aka ce ta jira a waje, ta ce ita yayata ce. Ungozomar ta dube ta, ta dube ni, ta ƙyale ta. Haihuwar ta zo da gardama, na zubar da jini da yawa. Abin da nake tunawa shi ne hannunta a goshina da wata magana da take ta maimaitawa a harshensu. Daga baya na tambaye ta ma'anarta, ta ce abin da mahaifiyarta ke faɗa mata ne in ba ta da lafiya. Na haifi mace.

Ita ta riƙa kawo mini romo har kwana bakwai. Aka yi suna ba uban, limamin unguwa da mijin Madam suka tsaya. Wata rana da muke mu biyu na gaya mata gaskiyar inda ya tafi, da cewa ƙunshinta na tare da shi. Ta dubi jaririyar. Sannan ta ce, "Mijinki mahaukaciya ce." Muka yi dariya har ɗinkina ya yi zafi, daga nan kuma ta sa gefen zanenta ta share ido.

Ya dawo cikin azumi, da rana tsaka, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon jaririyar, bai iya ɗaukarta ba sai da na miƙa masa. Bayan an sha ruwa ya ba ni labari. Ya sami wurin da ƴan wasansu ke horo. Sun gane shi, sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi abinci. Amma shugabansu ya ce masa an rufe sunaye tun tuni, kuma ko ba a rufe ba, ba a ɗaukar ɗan wata ƙasa kamar yadda ake ɗaukar fasinja a hanya. Ya kwana a tashar mota yana komawa kullum, ko za a canja magana. Har suka bar shi ya riƙa yin atisaye da yaransu, yana dukansu suna dukansa, yana shirya su don tafiyar da ba ya ciki. Ranar da za su tashi ya bi su har filin jirgi. A nan ya ciro ƙunshin ya ba wancan zakaran nasu da ya taɓa dokewa, ya nuna masa rubutun, ya ce amanar wata tsohuwa ce. Mutumin ya karɓa ya ce zai yi ƙoƙari. Maigidana ya tsaya bayan shingen waya har jirgin ya ɓace, sannan ya nemi motar da za ta kawo shi gida.

Washegari bai tashi gudu ba. Bai sake sa safar boks ba kuma har ya bar duniya. Ya je ya durƙusa wa yayansa, amma aikin kamfani ya wuce. Ya koma tuƙin motocin mutane, yau akwai gobe babu. Mun sha wuya a shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da na dube shi na ji haushin kaina da ban yi masa magana ba lokacin da yayansa ya roƙe ni.

Bayan babbar salla Madam ta shigo gidanmu da gudu-gudu, riƙe da hoto da ya zo mata ta gidan waya. Wata ƴar tsohuwa ce mai farin gashi, zaune a kujera, ta yafa zanen nan a kafaɗa, takalman Agadas a ƙafarta a kan safa. A gefenta wani ƙaton baƙin mutum a tsaye, ya sunkuyo don ya shiga hoton, yana riƙe da kofin shayi. Ashe zakaran nan ya nemi gidan har ya samu. Maigidana ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kin ga hancinsa? Ni na karya shi." Shi ne karo na farko da na ji dariyarsa tun bazara. Tsohuwar ta rasu bayan shekara biyu, Madam ba ta samu zuwa ba.

Da shekara huɗu ta kewayo, aka ce wasannin a Amirka za a yi, kuma wannan karon Rasha ce ta ce ba za ta je ba, ita da nata abokan. Ƙasarmu ta tura ƴan mutane kaɗan. A shekarar fari ya dawo, wanda ya fi na farko muni, har daga baya kogi ya janye yara suna tsallaka shi da ƙafa. Mutanen karkara suka cika gefen gari da bukkoki. Maigidana ya samu tuƙin kamiyon da ke kai hatsin agaji arewa, jar dawa a buhuna masu hoton hannu biyu suna gaisawa. Wata rana ya dawo daga tafiya, da yamma, ya tarar an fito da tele a ƙofar wani gida ana nuna boks daga can. Ya tsaya a bayan taron da ƴarmu a kafaɗa. Ina gefensa, na ga kafaɗarsa ɗaya na motsi tana bin naushin. Wani yaro ya ce, "Baba, kai ma da ka je da ka ci?" Ya ce, "Allah kaɗai ya sani. Akwai dai wani a Rasha yau da ke tsaye kamar ni yana kallo." Ya sauke yarinyar muka shiga gida, don da asuba zai koma garin Tawa da hatsi.

Yanzu Rashar ta wancan lokaci ma ta wargaje, an ce, waɗanda suka yi umarnin duk sun mutu. Maigidana ya rasu, Madam ta bi ƴaƴanta wata ƙasa bayan mutuwar mijinta. Na yi shekaru ina jin zafin abin, ina tambayar kaina me ya haɗa ɗan mahautan Dogon Dutsi da rigimar mutanen da ke tseren zuwa wata. Ban sami amsa ba. Abin da na koya dai shi ne, manyan duniya suna yanke shawararsu a inda ba su san da kai ba, kuma tana iya zuwa har ɗakinka ta ɗauke abin da ka shekara kana ginawa. Don haka nake gaya wa ƴaƴana su yi burinsu, amma kada su jingina abincin gidansu a kan abin da wani zai iya sokewa da magana ɗaya a rediyo. Kuma kada su yarda a zaɓa musu abokin gaba daga nesa. A shekarar da aka ce mana mutanen can ba na zuwa wurinsu ba ne, ɗaya daga cikinsu ce ta riƙe kaina har na haihu.